Yadda ake shirya littafin hotuna mai ban dariya da zai koya wa ƙananan yara ladabi

Yaro ɗan shekara 4, in aka ce masa ya daina fizge abu a hannun mutane, zai gyaɗa kai, an jima kaɗan ya sake. Amma in aka buɗe masa littafi ya ga wata dabba tana yin wannan fizgar har ta jefa kanta cikin rikici, shi da kansa zai dangwala yatsa a kan hoton ya ce, "Kai, ba a yin haka!" A nan yaron ne ya zama mai sanin doka, dabbar ce mai kuskure. Duk aikin irin wannan littafi a kan wannan juyin ya tsaya, kuma ƙa'ida ɗaya ce ke riƙe da shi daga farko har ƙarshe: dariyar ta sauka a kan halin da abin da halin ya jawo, kada ta sauka a kan yaron da ake karanta wa.

Mataki na 1: zaɓi hali guda ɗaya

Littafi ɗaya, hali ɗaya. Mai son ya haɗa gaisuwa da wanke hannu da jiran layi a shafuka 32 zai ƙare da jerin dokoki masu hotuna, kuma yaro ba ya cewa a maimaita masa jerin dokoki.

Ka auna halin da ka zaɓa da tambayoyi uku. Ana iya zana shi har a gane ba tare da rubutu ba? Yaro yana da ikon dainawa in ya so? Akwai wani takamaiman abu da zai yi a madadinsa? Fizge abu, katse wa mutane magana, tauna abinci baki a buɗe, sa yatsa a hanci, tari a fuskar mutane, watsar da kayan wasa, ƙin wanke hannu, duk sun ci wannan gwaji. "Rashin kunya" ko "rashin tarbiyya" ba su ci ba, domin sun yi faɗi, babu hoto ɗaya da zai nuna su.

Tambaya ta uku ce aka fi mantawa. "Kada ka yi tari a fuskar mutane" ba ta gaya wa yaro inda zai kai tarin ba. "Yi tari a cikin gwiwar hannunka" ta ba shi aikin yi, kuma ana iya zana ta. Haka wanke hannu: a nuna sabulu, a nuna kumfa, a ba shi ɗan baitin da rera shi zai ɗauki kamar daƙiƙa 20, wanda shi ne tsawon lokacin da ma'aikatan lafiya suke ba da shawara.

Akwai abubuwan da bai halatta su shiga irin wannan littafi ba ko kaɗan: fitsarin kwance, in'ina, tsoron duhu, yawan kunya, ƙiba ko rama. Waɗannan ba halaye ne da yaro ya zaɓa ba, yi musu dariya ciwo ne kawai ake ƙara masa. Tsotson yatsa yana kan iyaka. Yawancin yara suna bari da kansu tsakanin shekara 2 zuwa 4, kuma hanya ce da yaro ke lallashin kansa, don haka in za a taɓa shi, a taɓa da sauƙi, a nufi yaran da suka kusa fara famfarar haƙora.

Mataki na 2: tsayar da shekarun mai sauraro

Abin da ke ba yaro dariya yana canzawa da shekaru, kuma kuskure a nan yana kashe littafi ko da zanen ya yi kyau.

Ɗan shekara 2 zuwa 3 yana dariyar abu a wurin da ba nasa ba, kamar takalmi a ka, da sauti mai daɗin faɗa, da wasan ɓuya da bayyana. Littafinsa gajere ne, jimla ɗaya a shafi, kuma gara ya zama na kwali mai kauri. Ɗan shekara 3 zuwa 5 yana son wuce gona da iri, da maimaici, da ganin babba ko dabba ta yi kuskuren da shi ya riga ya san kuskure ne. Wannan rukuni ne suka fi dacewa da littafin ladabi, kuma su ne za mu bi a sauran matakan. Wasa da kalma mai ma'ana biyu da kacici-kacici sai wajen shekara 6 zuwa 7 suke fara kama yaro sosai.

Gatse kuwa a guje shi. In dabba ta zubar da ruwa aka rubuta "Madalla, ka kyauta!", ɗan shekara 4 zai iya ɗauka yabo ne na gaske.

Mataki na 3: gina tauraron labarin

Dabba ta fi mutum sauƙin aiki, saboda dalilai biyu. Na farko, tana ba yaro tazara: ba shi ake nufi ba, kwaɗo ake nufi. Na biyu, in ka ba tauraron sunan mutum, tabbas akwai yaro mai wannan suna a wani aji, kuma daga ranar da aka karanta littafin ya samu sunan tsokana.

Ka nemi dabbar da jikinta da kansa yake ɗauke da halin. Aku ya dace da katse magana, dorina da buɗe baki wajen tauna, kwaɗo mai dogon harshe da fizge abin mutane. Bari mu ɗauki na ƙarshen a matsayin misalin da za mu yi ta komawa gare shi: Ɗan Kwaɗo ba ya roƙo, ba ya aro, duk abin da ya gani a hannun wani sai ya harba harshe ya cafke.

Dole yaro ya so shi. Kada ka zana shi mugu, da haɗe gira da murmushin ƙeta. Ɗan Kwaɗo zumuɗi ne ya yi masa yawa, abu ya burge shi, harshensa ya riga tunaninsa. Haka yawancin yara suke lokacin da suke fizge abu, kuma yaron da ya ga kansa a jikin tauraron ba zai ji an kore shi daga cikin mutanen kirki ba.

Mataki na 4: tsara labarin

Ginin da ya fi aiki mai sauƙi ne. A nuna halin sau 3, kowane karo ya fi na baya girma. Sau ɗaya bai isa yaro ya gane tsarin ba, sau 2 ya fara hasashe, na 3 ne yake jira da baki buɗe. In ka kai 5 ko 6, dariya ta fara sanyi.

A misalinmu, karo na farko Ɗan Kwaɗo ya cafke fure daga hannun Malam-buɗe-littafi. Na biyu ya cafke ƙwallon Kunkuru ana tsakiyar wasa. Na uku ya cafke ƙullin zaren Gizo-gizo, wanda yake da danƙo. Daga nan komai ya manne: fure, ƙwallo, ganye, tsakuwa, duk suka liƙe a harshen, zaren ya nannaɗe shi har harshen ya ƙi komawa baki. Abokan sun riga sun yi fushi sun matsa gefe. Yana so ya ce "Don Allah ku taimake ni," amma da harshe a waje abin da ke fita shi ne "Lollollah lu laimale li!"

Lura da inda matsalar ta fito. Babu babban da ya zo ya yi hukunci. Halin ne da kansa ya haifi abin da ya same shi, harshen da ya yi fizgar shi ne ya ɗaure, kuma kalmar da ya ƙi faɗa ita ce yanzu yake buƙata. Wannan shi ne wurin da ya cancanci ka ɓata kwanaki kana tunani. In sakamakon bai da alaƙa da halin, misali ya fizge ƙwallo sai ruwan sama ya jiƙa shi, yaro zai yi dariya amma ba zai haɗa biyun ba. In kuma wani babba ne ya zo ya hukunta shi, abin da yaro zai koya shi ne a yi fizga inda manya ba sa gani.

Sakamakon ya zama wanda ake iya warwarewa. A shekarar 1845 wani likita a Jamus ya fitar da littafin hotuna na gyaran hali da ya yi suna ƙwarai, a ciki akwai yaro mai tsotson yatsa da tela ya zo da almakashi ya datse masa manyan yatsu. Wannan salo na tsoratarwa ya daɗe a littattafan yara, amma ba shi muke so ba. Yaron da aka tsorata yana tuna almakashin, ya kasa barci, halin kuma yana nan. Rauni, mutuwa, dodo, ko uwa ta ce ta daina son ɗanta, duk a bar su. Kunya kaɗan, rikici mai yawa, sannan mafita.

Mafitar kuma tauraron ne zai samo ta. Abokai za su iya taimakawa wajen warware zaren, amma shi ne zai fara faɗin kalmar. Bayan an kwance shi, ya dubi ƙwallon, harshen ya fara motsi, ya haɗiye harshen, ya ce, "Kunkuru, don Allah ara mini." Ga wata dabara da ke ƙara wa littafi gaskiya: Kunkuru ya ce, "To, bari in buga sau ɗaya tukuna." Ɗan Kwaɗo ya jira, sannan ya samu. Yaron da aka koya wa cewa "don Allah" tana buɗe kowace ƙofa nan take zai ji an yaudare shi ranar da aka ce masa a'a.

Mataki na 5: raba labarin a shafuka

Yawancin littattafan hotuna shafi 32 ne. Dalilin daga maɗaba'a yake: ana buga shafuka da yawa a babbar takarda ɗaya a naɗe, don haka adadin yakan zama ninkin 8, wato 24, 32 ko 40. In ɗinkin wayar ƙarfe za a yi a tsakiya, ninkin 4 ya wadatar.

Shafi na 1 na sunan littafi ne, na 2 na bayanan haƙƙin mallaka, na 3 na sadaukarwa ko ƙaramin hoton buɗewa. Labari ya fara daga 4 da 5. Shafuka biyu masu kallon juna za mu kira su buɗi ɗaya. Daga 4–5 zuwa 30–31 buɗi 14 ke nan, sai shafi na 32 shi kaɗai a ƙarshe. Ga yadda za a iya raba labarin Ɗan Kwaɗo:

4–5: gabatar da shi da harshensa.
6–7 da 8–9: fure.
10–11 da 12–13: ƙwallo.
14–15 da 16–17: zaren Gizo-gizo.
18–19 zuwa 22–23: abokai sun janye, kaya suna ta mannewa, ya ɗaure tamau.
24–25: yana ƙoƙarin magana.
26–27: an warware shi.
28–29 da 30–31: ya roƙa, ya jira, an yi wasa tare.
32: dariyar ƙarshe.

A littafin da aka ɗinke da waya, buɗin 16–17 shi ne tsakiya, takarda ɗaya ce ba yanka, don haka nan ne wurin hoto mafi girma. Harshen Ɗan Kwaɗo zai iya miƙewa daga wannan gefe zuwa wancan ba tare da ya karye a tsakiya ba.

Yanzu ɗauko farar takarda A4 guda 8, ka jera, ka ninke biyu, ka ɗinke tsakiya da zare. Ka samu littafin gwaji mai shafi 32. Rubuta lambobin shafi, ka yanka rubutun labarin jimla-jimla ka liƙa a inda kake ganin za su zauna, ka yi zanen kara-zube da fensir, ko da da'ira da sanduna ne. Kada ka tsallake wannan mataki ko da ba ka iya zane ba, domin a nan ne kaɗai za ka ji aikin juya shafi.

Juya shafi shi ne makamin dariya mafi ƙarfi a littafin hotuna. Shiri yana ƙarshen shafin dama, abin mamaki yana bayan an juya. Shafi na 7 ya ƙare da "Ɗan Kwaɗo ya ce a ara masa? Ina!", yaro ya juya, sai ga CARAF a 8–9 da harshe ya cika shafi. In shirin da sakamakon suka faɗo a buɗi ɗaya, idon yaro zai riga muryar mai karatu isa wurin, dariyar ta zube tun ba a kai ba. Duk inda ka ga haka a littafin gwaji, matsa jimla gaba ko baya har ta faɗo daidai.

Mataki na 6: rubuta kalmomin

Ka nufi kalma 300 zuwa 500 a littafin gaba ɗaya. In ka raba a buɗi 14, kowanne zai samu kamar 20 zuwa 35, wasu ƙasa da haka, ɗaya ko biyu ma babu kalma sam. Rubutun farko kusan kullum yakan ninka haka, sai a zauna a yi ta sara.

Abu na farko da za a sare shi ne duk abin da hoto ya riga ya faɗa. Babu amfanin rubuta "Kunkuru ya yi fushi, ya haɗe rai" alhali ga fuskarsa nan. Mafi daɗi ma shi ne rubutu ya faɗi wani abu, hoto ya ƙaryata shi. Rubutu ya ce, "Ɗan Kwaɗo ya ce komai lafiya lau," hoto ya nuna shi a ɗaure kamar dami, ƙwallo na reto a harshe. Yaron da bai iya karatu ba shi ne ke kallon hoton, don haka shi ne zai fara gano ƙaryar, kuma wannan yana sa shi jin kansa gwani.

Sai amshi. Ka samo jimla ɗaya gajera da za ta dawo a kowane karo ba tare da ta canza ko harafi ɗaya ba: "Bai roƙa ba, bai ara ba, sai CARAF!" Zuwa karo na biyu yara za su fara faɗa tare da mai karatu. A ƙarshe ka karya ta: "Bai fizga ba, bai cafke ba, sai ya ce..." Wannan karyawar ita ce darasin, ba a buƙatar wani ƙari.

Hausa tana da arzikin kalmomin da ke kwaikwayon sauti da motsi: caraf, wuf, tim, ƙwal, tsamo-tsamo, zuru-zuru. Yi amfani da su, ka rubuta su da manyan haruffa a cikin hoton. Sai dai akwai tarko a nan. In halin banza ne kaɗai ya samu sauti mai daɗi, shi yara za su kwaikwaya. Halin kirkin ma a ba shi nasa abin faɗa da abin yi, misali Ɗan Kwaɗo ya haɗiye harshe da "ƙwat!", ya buɗe tafin hannu, sannan ya roƙa. Yara su samu abin da za su yi da jikinsu.

Game da waƙa: amsa-amo ba wuya a Hausa tunda yawancin kalmomi da wasali suke ƙarewa, amma kari yana da wuya, domin ya dogara da nauyin gaɓoɓi. Baitin da karinsa ya karye yana sa mai karatu tuntuɓe. In ba ka saba da awon waƙa ba, rubuta zube mai daɗin faɗa, ka bar waƙar ga amshi kawai.

Karanta da ƙarfi, sannan ka ba wani wanda bai taɓa gani ba ya karanta kana sauraro. Duk inda ya yi tuntuɓe ko numfashi ya ƙare masa, jimlar ce ke da laifi. Kuma kada ka rufe da "Don haka yara, ku riƙa..." Shafi na 32 na dariya ne: malam-buɗe-littafi ya wuce da sabon fure, Ɗan Kwaɗo ya toshe bakinsa da hannu biyu, idanu sun firfito, bakin harshen yana leƙowa ta tsakanin yatsu. Yana nuna cewa barin hali sai a hankali, kuma ƙoƙarin ma abin so ne. In akwai abin da kake son gaya wa iyaye da malamai, sa shi a bangon baya.

Mataki na 7: zane

Kafin a taɓa shafi ko ɗaya, mai zane ya yi takardar siffar tauraro: gaba, gefe, baya, da fuska aƙalla 6, wato murna, zumuɗi, mamaki, tsoro, kunya, da ƙoƙarin danne zuciya. A zana dukan dabbobin a jere don a tsayar da tsawon kowa. Yara suna lura ƙwarai. In Kunkuru yana da ɗigo 5 a bayansa a shafi na 10 ya koma 3 a shafi na 26, za su tsayar da karatu su tambaya.

Dariyar tana cikin ido da gira da yanayin tsayuwa, don haka a yi su manya, a rage tarkacen bayan fage a shafin da ake son ido ya tafi wuri ɗaya. Motsi ya bi hanyar karatu, daga hagu zuwa dama a rubutun boko, domin ya ja hannun yaro zuwa juya shafi. A riƙa sauya nisa: wani buɗin daga nesa, wani fuska ta cika shafi, wani kuma ƙananan hotuna 3 ko 4 a jere masu nuna abu yana ƙara lalacewa. Yana da kyau a ɓoye wata 'yar ƙaramar halitta, kamar tururuwa, da ke nata harkar a kusurwar kowane buɗi, ita ce ke sa a sake buɗe littafin karo na goma.

In halin ya shafi ƙazanta, kamar majina ko tauna baki a buɗe, a zana ta da launi mai haske da siffa ta wasa. Yara suna son ɗan abin ƙyama, amma babba ne mai karantawa, in ya ji tashin zuciya zai ɓoye littafin. Kuma kada a zana abin da in yaro ya kwaikwaya zai cutu, kamar cusa abu a hanci ko kunne, ko naɗa igiya a wuya. A misalinmu zaren ya kama harshe da ƙafafu, kada ya kusanci wuyan Ɗan Kwaɗo.

A bar wa rubutu fili tun a zanen fensir, wuri mai launi ɗaya mara hayaniya. Kada fuska ko kalma ta faɗa a tsakiyar buɗi inda ake ɗinki, nan yana haɗiye abu. In wani ne zai yi maka zanen, ku yi yarjejeniya a rubuce kan adadin hotuna, sau nawa za a yi gyara, da wanda ya mallaki zanen. Gyara a matakin fensir ake yi, bayan an sa launi ya zama sabon aiki.

Mataki na 8: gwada a gaban yara

Kai littafin gwaji wurin yara 3 zuwa 5 masu shekarun da ka nufa, waɗanda ba naka ba, ka sa wani ya karanta, kai kuma ka zauna gefe kana kallon fuskokinsu. Kada ka tambaye su ko ya yi daɗi, za su ce e. Ka lura da inda suka yi dariya, inda suka fara waige-waige, da ko sun kama amshin. Bayan an gama, tambaya biyu ta isa: "Me ya sami Ɗan Kwaɗo?" da "Me ya sa?" In suka ce harshensa ya ɗaure saboda yana fizge kayan mutane, ginin ya tsaya. In suka ce Gizo-gizo ne mugu, sai ka koma mataki na 4, ka ƙara bayyana cewa shi ne ya cafko zaren da kansa.

In suka tashi suna fizgar juna suna cewa "caraf", kada ka firgita, wasa ne na ɗan lokaci, amma alama ce cewa ɓangaren roƙo bai kai ɓangaren fizga armashi ba, a ƙara masa. In wani yaro ya yi shiru ya sunkuyar da kai, ko sauran suka nuna shi suna cewa "kai ne wannan", duba ko akwai jimlar da ta kira tauraron da mummunan suna, irin su "marar kunya" ko "ƙazami", ka cire ta. Alamar da ta fi kowace kyau ita ce su ce a sake.

Mataki na 9: shirya don bugawa

Girman littafi ka tsayar da shi tun kafin zane, bayan ka tambayi maɗaba'a wanda ya dace da takardarsu. Santimita 21 da 21, ko 20 da 25, duk girma ne da aka saba. Duk hoton da ya kai bakin shafi a ƙara masa rarar milimita 3 a kowane gefe, domin wuƙar yanka ba ta faɗawa daidai kullum, in babu rarar sai farin layi ya fito a gefe. Rubutu ya yi nesa da baki da aƙalla santimita 1.

Hotuna su kasance dpi 300, wato ɗigo 300 a kowane inci, a ainihin girman da za a buga su. Hoton da ya yi kyau a fuskar waya zai iya fitowa dishi-dishi a takarda. Allon kwamfuta yana aiki da tsarin launi na RGB (hasken ja, kore da shuɗi), injin bugu kuma da CMYK (tawada kala huɗu), kuma wajen juyawa shuɗi da kore masu ƙyalli suna dusashewa. Tunda tauraronmu kore ne, a juya launin da wuri a ga yadda zai fito. Baƙin rubutu a yi shi da baƙin tawada kaɗai, in aka haɗa shi da launuka huɗu, ƙaramin gocewar inji zai sa haruffa su yi inuwa.

Haruffa su zama masu sauƙi, girman lamba 18 zuwa 24 a ma'aunin haruffa na kwamfuta. Kafin ka zaɓi zubin haruffa, buga ɓ, ɗ, ƙ, ƴ da manyansu ka gani, domin da yawa ba su da su, sai kwamfuta ta aro daga wani zubi su fito daban, ko su zama akwati. Andika zubi ne da aka tsara musamman don masu koyon karatu, kyauta ne, kuma yana da haruffan nan masu lanƙwasa. A fitar da aikin a PDF tare da haruffan a ƙunshe a ciki.

Nauyin takardar ciki ya kasance giram 130 zuwa 170 a kowace murabba'in mita, don kada hoton baya ya leƙo ya tona abin da ke bayan shafi. Bango giram 250 zuwa 300, a lulluɓe shi da leda don ya jure hannun yara. Takarda mara sheƙi ta fi daɗin karatu a ƙarƙashin fitila. In littafin zai shiga kasuwa, nemi lambar ISBN, wato lambar shaidar littafi, daga hukumar da ke bayar da ita a ƙasarka.

Kada ka yarda a buga duka sai an ba ka kwafi ɗaya na gwaji a hannu. Bi shi shafi-shafi: jerin lambobi daidai ne, kowane abin mamaki yana bayan juyi, harshen da ya ratsa shafi biyu ya haɗu a tsakiya, ba a yanke kan kowa ba, haruffa masu lanƙwasa sun fito. Shafa yatsa a kan wayar ɗinkin ka tabbatar bakinta ya kwanta. In na 'yan ƙasa da shekara 3 ne, a bar waya gaba ɗaya, a yi shi da kwali, a zagaye kusurwoyin.